Karatun falsafar ilimi a jami'a: tambayoyin da ɗaliban arewacin Kamaru da Cadi suka fi yi

Duk shekara da zarar sakamakon bak, wato jarrabawar gama sakandare, ya fito, daga Ngaundere har Kusuri da Njamena, sai tambayoyi su yi yawa a kan wannan fanni. Wasu ɗalibai ne ke yin su, wasu iyaye ne masu son sanin inda kuɗinsu zai tafi, wasu kuma malaman firamare ne da suka daɗe a aji suna son ƙaro karatu. Ga waɗanda aka fi maimaitawa da amsoshinsu.

Mece ce falsafar ilimi, kuma me ya raba ta da koyon aikin malanta?

A ɗauki malami a aji huɗu na firamare yana koya wa yara lissafin rabawa da Faransanci, alhali yawancinsu Fulatanci ko Hausa ko Larabcin Shuwa suke yi a gida. Masanin dabarun koyarwa zai tambaya: da tsakuwa za a fara ko da rubutu a allo? Masanin halayyar yara zai tambaya: shekarunsu sun kai su fahimci wannan? Mai falsafar ilimi kuwa tambayarsa ita ce: me ya sa wannan darasi aka zaɓa, wa ya zaɓa, me ya sa da wannan harshe, kuma wane irin mutum ake son yaron nan ya zama idan ya gama?

Ra'i, wato abin da ake kira tiyori a aji, bayani ne na yadda koyo yake faruwa, kuma ana iya gwada shi a ga ko ya tsaya. Piaget ya ce tunanin yaro hawa-hawa yake girma, Vygotsky ya ce da taimakon wanda ya fi shi sani yaro yake haura abin da ba zai iya shi kaɗai ba. Waɗannan ana shiga aji a jarraba su. Amma "shin daidai ne a tilasta wa yaro karatu?" babu ma'aunin da zai amsa ta, sai hujja. Nan ne gonar falsafa.

A ina ake karanta shi?

A tsarin Faransanci ba kasafai ake samun lisans, wato digirin farko, mai wannan suna kai tsaye ba. Yana zuwa ne a cikin fannin kimiyyoyin ilimi, wanda ya zama fanni mai zaman kansa a jami'o'in Faransa a 1967, ko kuma a sashen falsafa. Jami'ar Yawunde ta 1 tana da tsangayar kimiyyoyin ilimi, haka ma Jami'ar Ngaundere, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1993 kuma harabarta take Dang. Jami'ar Marwa an kafa ta a 2008, kuma babbar makarantar horar da malamai, ENS, tana cikin makarantunta na farko. Jami'ar Garwa ta zo a 2022. A Cadi akwai Jami'ar Njamena, wadda aka kafa a 1971, da ENS ta Njamena. Mai son karatu da Ingilishi sai ya duba tsangayar ilimi ta Jami'ar Buya.

Sunan tsangaya bai isa ba. A nemi jadawalin darussan sashen, shekara bayan shekara, a ƙirga darussan falsafa, tarihi da zamantakewar ilimi. Wani sashen kusan duk aikinsa shugabancin makaranta ne ko auna ƙwazon ɗalibai, falsafa darasi ɗaya ce a shekarar farko, shi ke nan.

Waɗanne takardu ake nema, kuma nawa ne kuɗin?

Bak ko GCE ta gaba, takardar makin jarrabawa, takardar haihuwa, hotuna, da rajistar farko wadda yanzu ta intanet ake yi. Kwafin takardun sai an buga masa hatimin hukuma. Kuɗin rajista a tsangayoyin jami'o'in gwamnatin Kamaru sefa 50,000 ne a shekara tun garambawul ɗin 1993, kuma ɗan Cadi, da yake ƙasarsa tana cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, daidai da ɗan ƙasa yake biya. Darussan sana'a da wasu matakan gaba sun fi haka tsada. Abin da yake cin kuɗi da gaske shi ne ɗaki, abinci, mota da fotokofi.

Abin da ya fi dawo da ɗalibai gida shi ne saɓanin suna. Takardar haihuwa ta ce Oumarou, ta bak ta ce Oumar, ko ranar haihuwa ta bambanta da kwana ɗaya. Idan aka bari aka shiga da shi, ranar karɓar shaidar lisans zai tare hanya, kuma gyara a lokacin ya fi wuya. A jera takardun a kan tabarma, a karanta su harafi-harafi kafin a cika komai.

Yaya tsarin shekaru da maki yake?

Tsarin LMD ne: lisans shekara 3, masta shekara 2, doktora shekara 3 a ƙa'ida. Kowace shekara zango 2 ce, kowane zango kiredi 30, don haka lisans kiredi 180 ne, masta 120. Ana cin darasi da 10 cikin 20.

A sassa da yawa gwajin tsakiyar zango, wanda ɗalibai ke kira CC, yana ɗaukar kashi 30 cikin 100, babbar jarrabawa kashi 70. A yi lissafin tun da wuri. Wanda ya samu 14 a CC da 8 a jarrabawa, jimlarsa 9.8 ce, ya faɗi. Wanda bai zauna CC ba, ko da ya samu 13 a jarrabawa, 9.1 ce tasa, sai ya haura 14 kafin ya tsira. Akwai jarrabawar cike giɓi bayan zango, amma darasin da aka bari ya zama bashi yana bin mutum shekara ta gaba, lokacinsa kuma ya riƙa karo da na sababbin darussa. Shiga masta ta hanyar tace takardu ake yi, don haka wanda ya gama lisans da 10 cif-cif ya rage wa kansa dama.

Su wa ake karantawa?

Ana farawa da Girkawa: Sukurat da koyarwa ta hanyar tambaya, Aflatun da tsarinsa na yadda gari zai tarbiyyantar da masu mulkinsa. Daga nan sai Rousseau, wanda a littafinsa Émile na 1762 ya ce a bar yaro ya ci yarintarsa, ya koya daga abubuwa kafin littattafai. Kant ya biyo da maganar horo da 'yanci. Durkheim ya ɗauki tarbiyya a matsayin aikin da manya ke yi a kan na baya don al'umma ta ɗore. Dewey, a 1916, ya haɗa makaranta da dimokuraɗiyya, ya ce yaro da aikatawa yake koyo. Paulo Freire na Barazil ya soki koyarwar da malami ke zuba bayani a kan ɗalibi kamar mai ajiya a asusu, ranar jarrabawa ya zo ya cire.

Na Afirka ne muke ganin ba a ba su lokacin da ya kamace su, alhali su suka fi kusa da matsalarmu. Abdou Moumouni na Nijar ya rubuta L'Éducation en Afrique a 1964, inda ya feɗe makarantar mulkin mallaka ya kuma kare koyarwa da harsunan gida. Nyerere ya fitar da manufar ilimi don dogaro da kai a 1967, yana tambayar amfanin firamaren da take shirya kowa don sakandaren da kaɗan ne za su shiga. Joseph Ki-Zerbo ya fitar da Éduquer ou périr a 1990. Ɗan Kamaru kuma ya riga ya haɗu da Njoh-Mouelle tun ajin ƙarshe na lise, sai ya ƙara da Marcien Towa da Eboussi Boulaga.

Akwai rubutu guda da ya kamata kowa ya mallaka: dokar manufar ilimi ta ƙasarsa. Ta Kamaru ita ce mai lamba 98/004 ta 14 ga Afrilu 1998, ta Cadi kuma ta 2006 ce. Dokar Kamaru ta ce ana son ɗan ƙasa mai saiwa a al'adarsa amma buɗaɗɗe ga duniya. Wannan jimla kaɗai ta isa aikin zango guda: al'adar wa, a garin da Bafulatani, Bagiziga, Bakotoko da Bahaushe suke benci ɗaya?

Na haddace darasi tsaf amma makina ba ya wuce 7 ko 8. Ina matsalar?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Jarrabawar falsafa disartasiyo ce, wato rubutun muhawara, kuma mai duba takarda ba ya sayen jerin sunaye. So yake ya ga matsala, ya ga an bi ta da hujja har an kai wani wuri.

A ce an ba da wannan: "Ana iya tarbiyya ba tare da tilastawa ba?" Takardar mai 7 takan fara da cewa tun fil azal ɗan Adam yake neman ilimi, sai ta jero abin da Aflatun ya ce, abin da Rousseau ya ce, abin da Dewey ya ce, ta rufe da cewa ilimi yana da amfani. Babu kuskure a ciki, amma ba a taɓa tambayar ba.

Ga yadda ake yi. Minti 30 zuwa 40 na farko a takardar gwaji ake kashe su. A fara da kalmomin: tilastawa ta ƙunshi bulala, ta ƙunshi dokar zuwa makaranta ƙarfe bakwai da rabi, ta ƙunshi manhajar da yaro bai zaɓa ba. Waɗannan ukun ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya raba su ya riga ya ci rabin aikin. Sai a nemo inda igiyar ta ƙulle: manufar tarbiyya ita ce yaro ya zama mai mallakar kansa, amma hanyar kai shi can tana bi ta hana shi abin da yake so. Kant da kansa ya ɗauki wannan a cikin manyan matsalolin tarbiyya. Wannan ƙulli shi ne za a rubuta a gabatarwa a matsayin tambaya.

Kashi na farko ya kare tilastawa da gaskiya, ba da wasa ba. Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaro ɗan shekara shida ba zai zaɓi koyon baƙaƙe da kansa ba. Kashi na biyu ya nuna inda karin maganar ta gaza: icce ba shi da ra'ayi, yaro yana da shi. A nan Ibn Haldun yake shigowa, domin a Muƙaddima ya bayyana cewa tsanantawa ga ɗalibi tana kashe masa kuzari, ta koya masa ƙarya da yaudara, ya riƙa nuna abin da ba shi ne a ransa ba don tsoron hannu. Duk wanda ya ga yaro yana motsa baki tare da sauran aji alhali bai san inda ake ba, ya ga abin da ake nufi. Sashe na 35 na dokar 1998 ma ya hana duka a makaranta. Kashi na uku ya warware: akwai tilastawar da take shirya ranar da za a daina buƙatarta, kamar riƙe hannun yaro yana koyon rubutu har a sake shi, akwai kuma wadda take son ɗorewa har abada. Ta farko tarbiyya ce, ta biyu juya mutum ce kawai.

A lura, marubuta biyu ko uku kawai aka kira, kowanne a inda hujja ta buƙace shi. Kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya, dalilinta, da misali ɗaya. Kada a sa wa marubuci maganar da ba a tabbatar da lafazinta ba, a faɗi ma'anarta da bakin kai ya fi aminci.

Baba ya ce falsafa tana raba mutum da addini. Me zan ce masa?

A saurare shi da ladabi, domin damuwarsa tana da asali. Imam Gazali ya rubuta Tahafutul Falasifa yana raddi ga masana falsafa a kan wasu mas'aloli na aƙida, Ibn Rushd kuma ya mayar masa da martani. Amma Gazalin nan bai yar da manɗiƙ, wato ilimin tsara hujja, ba, ya yi aiki da shi, kuma da babin ilimi ya buɗe Ihya'u. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Rumfa, ya kare karatun manɗiƙ a musayar baitoci da Suyuɗi. Har yau ana karanta Sullam na Ahdari a zaure.

Abin da za a gaya wa Baba shi ne tambayoyin fannin ba baƙi ba ne a gidansa: wane ne ya cancanci ya koyar, me ɗalibi yake bin malaminsa, wane ilimi ne farilla a kan kowa. Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji a kan haka yake. Gaskiya ne za a karanta marubutan da ba su yi imani ba, kuma makarantar gwamnati ba ta bin wani addini. Aikin ɗalibi shi ne ya fahimci hujjarsu daidai, ya iya kawo ta yadda mai ita zai yarda, sannan ya auna ta. Babu mai ba da maki don an yarda da Rousseau.

Na yi makarantar allo kafin boko. Zai amfane ni?

Ƙwarai, in an san yadda za a yi da shi. Wanda ya wanke allo ya sake rubutu, ya ga yadda kowane yaro yake tafiya da saurinsa, babba yana biya wa ƙarami, ya zauna a zaure malam yana fassara Ahalari ko Ishmawi da Hausa ko Fulatanci, to ya san tsarin koyarwa biyu daga ciki. Abokan karatunsa da yawa ɗaya kawai suka sani.

Kuskure biyu ake yi. Wani da ya karanta Freire sai ya yanke cewa allo hadda ce zalla, ya manta cewa haddar Alƙur'ani manufarta kiyaye nassi ce, kuma matakin fahimta yana zuwa a karatun littattafai. Wani kuma sai ya kare komai, har da bara da dukan da ya wuce kima. Duka biyun ba bincike ba ne. Tarihin yankin ma yana da abin faɗa: Modibbo Adama, wanda Adamawa ta ci sunansa, malami ne da ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shehun ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a Nurul Albab, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke kai karatu ga matan ƙauye cikin waƙa. Mai rubutu a kan karatun 'ya'ya mata a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru da bai san wannan ba, ya bar makaminsa a gida.

Faransancina ba shi da ƙarfi.

To a gyara shi, domin a wannan fanni harshe shi ne kayan aiki. Shafi 5 a rana daga littafin marubucin kansa, da ƙamus a gefe, ya fi taƙaitawa 50 da aka tura a WhatsApp. Ƙaramin littafin Olivier Reboul a kan falsafar ilimi yana da sauƙin shiga. Bayan kowane shafi a rufe littafin a faɗi abin da aka karanta da Hausa. In ya ƙi faɗuwa, ba a gane ba tukuna.

Hausar ma tana taimakawa wajen rarrabe ma'ana. Muna da ilimi, sani, karatu, tarbiyya, ladabi, horo, wayo da hankali. Idan aka ce wane yana da ilimi amma ba shi da tarbiyya, an riga an yi bambancin da Faransanci yake yi tsakanin instruction da éducation.

Yaya ake zaɓen batun memwar, wato kundin bincike, na masta?

A ƙanƙance shi har ya zama tambaya ɗaya. "Matsalolin ilimi a Cadi" ba batu ba ne, teku ne. "Wane irin iko malamin da iyayen yara ke biya yake da shi a kan ɗalibansa, idan aka kwatanta da na gwamnati?" batu ne, kuma irin waɗannan malamai suna ko'ina a ƙauyukan Cadi da arewacin Kamaru. Haka tsarin koyarwa bisa ƙwarewa da ake kira APC, wanda manhajar firamaren Kamaru ta 2018 ta ginu a kansa: me kalmar ƙwarewa take nufi a ajin da yara suka haura ɗari, littafi ɗaya a hannun malami? Ko koyarwa da harshen uwa, wadda shirin PROPELCA na Maurice Tadadjeu ya fara gwadawa a Kamaru tun 1981: harshen wa za a ɗauka a unguwar da ake harsuna biyar?

Tun farko a yanke irin aikin da za a yi. Memwar na falsafa a kan nassi da ma'anoni yake tsayawa. Na fili yana buƙatar hasashe, samfuri, tambayoyi da ƙididdiga. Wanda ya gauraya su ba da shiri ba, ranar kare aiki masu falsafa za su ce babu zurfi, masu ƙididdiga su ce babu hanya. In za a shiga makarantu, a karɓi takardar izinin bincike daga jami'a, a gai da sufeto da shugaban makaranta, a ƙauye kuma a fara da lawan ko jauro. Hirar da aka yi da Hausa ko Fulatanci a rubuta ta da harshenta tukuna, sannan a fassara, a ajiye duka biyun. Idan dattijo ya ce "kunya" aka rubuta honte kawai, rabin maganarsa ya zube. Kwafe aikin wani daga intanet kuwa yana iya rushe shekara biyu a zama ɗaya.

Wane aiki ake samu da shi?

Lisans ko masta daga tsangaya ba ya mayar da mutum malamin gwamnati kai tsaye. Shaidar koyarwa daban take, a Kamaru ga su: CAPIEMP daga ENIEG, makarantar horar da malaman firamare, DIPES daga ENS don sakandare, DIPEN II don koyarwa a makarantun horar da malamai, DIPCO don masu ba ɗalibai shawara. ENS da konkur, wato jarrabawar gasa, ake shiga, kuma akwai iyakar shekaru, don haka a karanta sanarwar kowace shekara tun kafin lokaci ya ƙure.

Bayan wannan akwai makarantu masu zaman kansu, na Faransanci da Larabci da na mishan, masu neman wanda zai tsara karatu ya kuma horar da malamansu. Akwai ƙungiyoyin agaji da ke aikin ilimi a sansanin Minawawo kusa da Mokolo da sansanonin gabashin Cadi. Su kuma sukan nemi ƙarin abu: Ingilishi, iya rubuta rahoto, aiki da Excel, da shaidar cewa an taɓa tsayawa gaban aji. Koyarwa a jami'a galibi sai da doktora.

Ina koyarwa a ƙauye. Zan iya haɗawa da karatun?

Ana yi, amma da sharaɗi. A nemi izinin hukuma a rubuce kafin rajista, domin barin aji ba izini yana jawo dakatar da albashi. A samu amintaccen abokin karatu da zai riƙa sanar da ranar CC, don sau da yawa sanarwar ba ta wuce 'yan kwanaki. A masta shekarar farko ce mai yawan zama a aji, ta biyu ta fi karkata ga rubutu, sai a shirya neman sauyin wurin aiki ko hutu daidai da haka. Wanda ke bayan mayo, wato kogi, inda ruwa ke yanke hanya a Agusta da Satumba, ya kai takardun rajistarsa da babi na farko wurin malamin da ke duba aikinsa kafin damina ta yi ƙarfi.